Shekarar da Baba Turmi Ya Ɗaura Walki

Na gaji da jin kuna ba jikokina labarin kakanku Bawa Turmi kamar labarin wani waliyyi. Da kai nake musamman, Mamman, kuma ga shi na kira sunanka, na tsufa da kunyar ɗan fari. Duk shekara da an gama girbi sanyi ya shigo sai ka kwashi yara ka tafi kallon kokawa, ka dawo murya a dishe kana cewa gado ne, jini ne, gidan Turmi ba a taɓa kai bayansu ƙasa ba. Na kuma san abin da kai da ƙanwarka Dije kuke faɗa in na ba da baya, wai ni na raba ku da gidan ubanku saboda baƙar zuciya. Zuciya dai ina da ita, ban musa ba. Amma lokacin da abin ya faru kana goye a bayana, ita kuwa Dije tana ciki, don haka dukanku ji kuka yi. Ni da idona na gani, kuma zan faɗa muku tun bakina yana motsi.

Gidan yana wani ƙauye kusa da Bande, gidan noma ne da ƴan shanu kaɗan, amma da kokawa aka san shi. Surukina Bawa gajere ne kakkaura, wuya kamar babu, shi ya sa aka laƙaba masa Turmi tun yana saurayi. Lokacin da aka kawo ni gidan ya riga ya bar shiga fage, gemu ya yi fari, sai dai bakinsa bai bari ba. A kan tuwo kokawa, a gona kokawa, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya karkata zancen ya koma ranar da ya kayar da wane a kasuwa kaza. Surukata Inna Hajo ta daɗe da daina saurarensa. Ubanku Lawali kuwa ya ɗauko ƙarfin tsohon, bai ɗauko surutunsa ba. Dogo ne mai sanyin magana, in ya kayar da mutum shi yake miƙa masa hannu ya tashe shi, abin da yake ƙona wa Baba rai ke nan.

Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, an roro wake, to gidan nan ba ya zaunuwa. Yau Bande, jibi Dungas, wani mako Dogo-Dogo, duk inda aka ji ganga. Mukan fita da sassafe sanyi yana cizon yatsu, Baba a kan jaki ya ƙudundune cikin gwado, mu mata a baya da ƙwaryar fura da ƙunshin dafaffiyar gyaɗa. Kowa da abin da yake kai shi. Inna ba ruwanta da wanda ya faɗi, waƙar ƴan mata take zuwa ji, ta dawo ta yi ta rera ta a bakin murhu. Ƙanen ubanku dambe ne nasa, yakan sulale ya bi mahauta, Baba yana zaginsa wai wasan masu fasa wa juna baki ne. Ni kuwa kar ku ɗauka jana ake yi. Ina son kokawa kamar raina. A fage na fara ganin ubanku, ni na rangaɗa masa guɗa ranar da ya kayar da wani ƙato a Dungas har ƙawayena suka toshe mini baki, kuma da ya aiko neman aurena ban tsaya jan aji ba. Na faɗi wannan ne don kar wani ya ce mace ce, ba ta san daɗin abin ba.

Sai ga shekarar da Nasara suka sake tayar da yaƙi a ƙasarsu. Mu ba mu san abin da ya haɗa su ba. Abin da muka sani shi ne kumandan na Magariya ya aika wa kowane mai gari ya kawo samari a kai su soja, gardawansa masu jar hula da bulala suna bin ƙauyuka. In an tara samari a bariki sai lokotoron Nasara, wato likitansu, ya duba haƙori, ya latsa ciki, ya sa mutum ya yi gudu. Gurgu da mai gyambo da mai tari a sallame su, ƙarfafa a tura su Damagaram, daga can kuma sai yadda Allah ya yi. Wanda ya fi kowa lafiya shi ya fi kowa shiga uku. Samari da yawa suka tsallaka ƙasar Ingilishi, don can ba a bin mutum gida a kama shi.

Allah ya taimake mu, da daminar nan kurkunu ya kama ubanku a ƙafa ya kwantar da shi har ya kasa noma. Kafin kaka ya warke sarai, tabo kawai ya rage, amma Inna ta ce kar a kwance tsumman. Kullum da safe ni nake shafa masa dakakken ganye in ɗaure, ya ɗauki sanda ya fita yana ɗingishi. Mai gari ya sani, ya kau da kai, da gardawa suka zo ya ce musu ɗan Turmi ya nakasa. Shirinmu shi ne da an gama aikin gona ya tafi Babura, can ƙasar Ingilishi, wajen kawuna ya ci rani a can har a gama ɗibar sojan. Na riga na ɗaure masa kaya, na daka masa garin tafiya.

Ana cikin haka aka yi shela wai za a yi babbar kokawa a Magariya, kumandan da kansa ya sa a yi, wanda ya kayar da kowa za a ba shi riga da rago. Ko jariri ya san me ake nufi. Mutum ya nemi ƙarfafa ya rasa, sai ya kafa ganga a tsakiyar gari ya ce su zo su nuna kansu. Ni ba na iya yi wa suruki magana ido da ido, kun san yadda ake a lokacin, sai na tura Inna, na laɓe bayan zana ina ji.

"Mai gida," in ji ta, "yaron nan ya tafi gobe. Kar a kai ranar kokawar nan yana ƙasar nan."

"Ya tafi ina?" in ji Baba. "Tanko zai kawo ɗansa Gwanki, a ce gidana babu kowa ko a cikin ƴan kallo? Kallo kawai zai yi. Daga Magariya zuwa Babura ai nan da nan ne, in an tashi sai ya wuce."

"Ka san abin da Nasaran nan yake nema."

"Na sani. Ke ce za ki koya mini duniya? Gurgu ma yana kallon kokawa."

Tankon nan mutumin Dogo-Dogo ne, abokin karawar Baba tun suna samari. Sun tsufa, haƙora sun zube, amma in suka haɗu a kasuwa sai ka rantse jiya suka bar fage. Na samu ubanku a garken shanu na ce masa shi ma ya san wannan ba tafiyar kallo ba ce.

"Baba ya ce in raka shi," in ji shi. "In ce masa a'a?"

"Ka ce masa ƙafa."

Ya yi dariya. "Shi ma ai ya san ƙafar. Kwantar da hankalinki. Na yi miki alkawari, ko aljanu ne suka buga gangar nan ba zan tashi ba."

Ya kuwa cika alkawarinsa, ku riƙe wannan. Ganga ba ta tayar da shi ba.

Bari in gaya muku ƙa'idar fage ta lokacin, don ku ƴan yanzu ihu kawai kuka iya. Kowane gidan kokawa yana da takensa. In makaɗi ya buga taken gida, to an kira gidan ke nan, wani ya fito. Amma ba dole ba ne ko ta halin ƙaƙa. Marar lafiya yakan ɗaga hannu ya nuna ciwonsa, makaɗi ya wuce, a ɗan yi masa ba'a a manta. Abu ɗaya ne ba shi da mafita: uba mai furfura ya tuɓe riga ya shiga fage ɗansa yana zaune. Ɗan da ya bari aka taɓa ubansa a gabansa ya gama yawo a ƙasar, ko sallama ya yi ba mai amsa masa. Kowa ya san wannan, kuma babu wanda ya kai Baba Turmi saninsa.

Muka isa Magariya da hantsi. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. An kafa wa kumandan rumfa, yana zaune a kujera da ƴar sanda a hannu, gardawa a tsaye bayansa suna bin kowane saurayi da ido kamar masu sayen sa a kasuwa. Masu hankali duk sun ɓoye ƴaƴansu, waɗanda suka shiga yawanci ƴaƴan masu ƙafa a bariki ne da suka san ba za a taɓa su ba. Gwanki ma haka, yayansa tafinta ne a wajen kumandan. Ya yi ta watsar da mutane, ya zagaya fage yana kirari, babu mai fitowa. Ubanku yana zaune a ƙasa kusa da Baba, ya miƙe ƙafar mai tsumma, sanda a cinya. Ni da Inna muna ɓangaren mata, kana bayana kana barci, ina ta addu'a a tashi.

Sai na ga Tanko ya sunkuya ya yi wa makaɗi raɗa. Ganga ta juya, aka buga taken gidan Turmi. Ubanku ko gezau bai yi ba, ya ɗaga hannu ya nuna ƙafarsa. Makaɗi ya sake bugawa, ya sake nunawa. Wallahi har makaɗin ya juya zai wuce, har na sauke ajiyar zuciya, sai Tanko ya ɗaga murya.

"Turmi! Ashe tsumma ka haifa?"

Aka yi dariya. Dariya ce kawai, irin wadda ake yi a kowane fage, kafin la'asar an manta da ita. Amma Baba ya miƙe. Ya yar da gwado, ya cire riga ta kai, sai ga walki a ƙugunsa, tsohon walkinsa na fata da layu a jiki, a ɗaure tam. Ku ji ni da kyau. Ba a nan ya ara ba, ba a nan ya ɗaura ba. Tun daga gida yana ƙarƙashin rigarsa, a kan jaki ya zo da shi, yana gaya wa matarsa kallo kawai za a yi. Ba zuciya ce ta ɗebe shi ba kamar yadda aka gaya muku. Ya san Tanko zai tsokane shi, ya san zai tashi, ya kuma san wanda zai biyo bayansa. Tsoho tuɓur, nonuwa sun zubo, ya taka zuwa tsakiyar fage ya miƙa wa Gwanki hannu.

Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ubanku ya juyo ya nemo ni a cikin mata, muka haɗa ido. Na girgiza masa kai. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sunkuya ya warware tsumman da na ɗaura masa da hannuna da safen nan, ya ajiye sanda, ya tashi ya taka lafiya lau a gaban kumandan da gardawa da duk mutanen Magariya. Ya kama ubansa a kafaɗa.

"Koma ka zauna, Baba," in ji shi. "Ba ni walkin."

Kokawar ita ce kuka fi so a ba ku labari, ni kuwa ita ce na fi ƙi. Ba ta daɗe ba. Gwanki ya riga ya gaji, ubanku kuma ya huta tun damina. Suka kama, suka zagaya, Gwanki ya nemi ƙafar mai tabo yana zaton a nan rauni yake, ubanku ya bar shi ya shigo, ya sunkuce shi ya maka da ƙasa. Fage ya ɗauki ihu. Mata suka yi ta guɗa, wata ma ta zungure ni wai in yi, mijina ne. Na ƙi. Ni rumfa nake kallo, na ga kumandan ya nuna shi da ƴar sandarsa ya ce wani abu, gardi ya duƙa ya amsa. Baba kuwa yana tsakiyar fage yana rawa a gaban Tanko, ba riga, hawaye yana zubo masa don murna.

Aka sa wa ubanku riga, aka miƙa wa Baba igiyar rago. Gardawa suka ce ɗan kokawa ya zo bariki ya gaida kumandan. Muka zauna a bakin bariki har rana ta yi sanyi, sai wani gardi ya fito ya ce mu tafi gida, ɗanmu ya zama soja. Haka muka kamo hanyar Bande, Baba yana jan rago, ba Lawali. Babu wanda ya yi magana sai ragon. Mai gari kuwa, wanda ya rufa mana asiri, bulala aka yi masa a gaban jama'arsa saboda ƙaryar nakasa, kuma bai sake rufa wa ɗan kowa asiri ba. Samarin ƙauyenmu da aka kwasa bayan nan, su ma iyayensu sun san wanda ya jawo musu.

Sau ɗaya na sake ganinsa, ranar da aka fito da su za a kai su Damagaram. Hanyar ta Bande take bi, na je na tsaya a bakinta. Suna jere da igiya a ƙugu, an aske musu kai. Da ya zo daidai da ni ya rage tafiya.

"Na yi ƙoƙari," in ji shi. "Ke ma kin gani."

"Na gani."

"Ki kula da Inna."

Gardi ya daka masa tsawa, suka wuce. Iyakar sallamarmu ke nan.

Kuna tsammani tsohon ya yi nadama? Ya yanka ragon ya tara mutane, ni da Inna ko romo ba mu taɓa ba. Labarinsa ya ƙaru da ɗaya, shi ke nan. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji yadda aka sunkuci Gwanki, har tashi yake ya kwatanta. In an ce Allah ya dawo da Lawali lafiya sai ya ce amin da sauri, ya koma kan kayen. Na haifi Dije a gidan. Sanyi ya sake zagayowa, aka ɗaura wa jaki akumari, aka ce in dama fura za a tafi Dungas. Na dama na ba su, ban bi su ba, Inna ma ta ce ƙafarta tana ciwo. Tun daga ranar Magariya ban sake tsayawa a bakin fage ba har yau.

Sai da wata damina ta zo ta wuce sannan wani sojan Bande da aka tafi da su tare ya dawo, ya rame kamar kara. Ya yi sallama ya zauna a tsakar gida, ya kasa ɗaga kai. Ya ce Lawali ko fagen yaƙi bai kai ba. Sanyin ƙasar Faransa ne ya shiga ƙirjinsa a sansani, ya yi ta tari har Allah ya karɓi abinsa, su suka yi masa sutura. Inna ta zube. Ni na kasa kuka. Baba ya yi salati, ya sunkuyar da kai, har na ce a raina yau dai abin ya taɓa shi. Sai ya matso kusa da sojan.

"Yaro, a can kuna kokawa?"

"Mukan yi, Baba, a farkon zuwanmu, in an huta."

"An kayar da shi?"

Sojan ya ɗaga kai ya dube shi. "A'a, Baba. Ba wanda ya kayar da shi."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Ya waiwaya ya kamo ka, Mamman, kana wasa da ƙasa a gefe, ya latsa kafaɗunka ya bubbuga ƙirjinka. "Allah ya bar mana iri. Ku dubi ƙirji."

A nan kunyar suruki ta ƙare. Na fito daga bayan zana kaina ba ɗankwali, na fizge ka daga hannunsa.

"Ɗanka ya mutu a ƙasar da ba ka san sunan garinta ba, kai tambayar kaye kake yi? Ka ci naka, ba za ka ci nawa ba!"

Baba ya ce Inna ta ja mahaukaciyar nan ɗaki, baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Na yi takabata a ɗakin ubanku yadda addini ya ce, kowa yana zaton na huce.

Na san doka. In na fita, ɗiya mai shan nono tawa ce, namiji na gidan ubansa ne, ko gaban alƙali aka je haka za a yanke. Na kuma san in na tsallaka da kai ka yi sallama da gonar ubanka da shanunsa, ni kuma sunana ya ɓaci a ƙasar Bande har abada. Duk na auna. Bayan na fita takaba na jira ranar da maza suka tafi kallon wata kokawa, gida ya rage daga ni sai Inna. Na goya Dije, na kama hannunka, ban ɗauki ko tabarma ba don kar maƙwabta su gane. Ina isa bakin ƙofa sai na ji muryarta a bayana.

"Ina zuwa da yaran?"

Na tsaya. Matar nan ba ta taɓa ɓata mini rai ba, ku ne kaɗai abin da ya rage mata na ɗanta, kuma ihu ɗaya za ta yi a tare ni. Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce Babura, kuma ba zan dawo ba.

Ta shiga ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, ta tafi kiran mutane ta bayan gida. Sai ta fito da dawo a ƙunshe cikin ɗankwalinta, ta ɗora mini a ka. Ta durƙusa ta shafa fuskarka da hannu biyu, ta daɗe, ta leƙa ta sumbaci ƙafar Dije.

"Kar ki bi ta Magariya, ki bi ta daji," in ji ta. "In sun dawo zan ce kin tafi itace. Yi sauri, ɗiyata. Abin da ya kamata in yi da nawa ke nan, na tsaya roƙon ubansa."

Ban sake ganinta ba. Ta rasu kafin ka yi wayo, kuma an ce har ta mutu ba ta gaya wa tsohon hanyar da muka bi ba.